Radiohead da Gaza: shirun da ya yi tsawo

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su taɓa sauraron Radiohead ba, kuma ba laifi. Kiɗan rok na Turawa ba abincinmu ba ne. Amma taƙaddamar da ke bin wannan ƙungiyar mawaƙa ta Ingila ta shafe mu, domin a kan Falasɗinu ake yin ta.

Mutum biyar ne, abokai tun suna makaranta a Abingdon kusa da Oxford, inda suka haɗu a 1985. Waƙarsu "Creep" ta 1992 ba ta karɓu a gida ba da farko. A gidajen rediyon Isra'ila ta fara tashe, kuma a Tel Aviv suka yi wasansu na farko a ƙasar waje a 1993. A riƙe wannan, don nan tushen zumuncin yake.

Abin da ya ɗaga sunansu shi ne ƙin bin hanyar da kowa ke bi. Bayan kundin OK Computer na 1997 ya sa duniya ta sallama musu, sai suka mayar da jita gefe, suka fito da Kid A a 2000, cike da sautin na'ura da tsarin da ba a saba ji ba. Masoya da dama sun yi fushi, amma kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya. A 2007, bayan sun rabu da kamfanin EMI, suka saka In Rainbows a intanet, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da sifiri ne. Haka kuma bakinsu bai taɓa mutuwa a siyasa ba: sun yi wasa don Tibet, kuma kundinsu Hail to the Thief na 2003 ya fito ne daga ɓacin rai da zamanin Bush da yaƙin da ya ce yana yi da ta'addanci.

To, shi ya sa mutane suka sa musu ido. A 2017 masu fafutukar ƙaurace wa Isra'ila, har da Desmond Tutu, suka roƙe su kada su je Tel Aviv. Suka je. Jagoransu Thom Yorke ya kare kansa da cewa yin wasa a ƙasa ba goyon bayan gwamnatinta ba ne, ai suna wasa a Amurka ba tare da son Trump ba. Hujjar tana da ɗan nauyi, sai dai Tutu ba baƙon zancen ba ne. Ya ga yadda ƙauracewar mawaƙa ta taimaka wajen matsa wa gwamnatin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023, Yorke ya yi gum. A Oktoban 2024 wani ya ƙalubalance shi daga cikin taro a Melbourne, ya sauka daga dandamali a fusace, daga baya ya dawo. Sai a Mayun 2025 ya fitar da sanarwa yana kiran Netanyahu da mutanensa masu tsattsauran ra'ayi, yana kuma sukar Hamas. Daga baya ya ce ba zai yi wasa a Isra'ila ba a ƙarƙashin wannan gwamnati. Mun ji, amma wata goma sha tara fa ana binne yara kafin ya buɗe baki. Mutumin da ya yi wa Tibet magana ba tare da an roƙe shi ba, bai kamata sai an ja shi ba.

Akwai inda ba mu tare da wasu masu zanga-zangar. A 2025 an soke wasannin Jonny Greenwood, makaɗin jitarsu, da mawaƙin Isra'ila Dudu Tassa a Bristol da Landan, kuma su biyun sun ce barazana aka yi wa wuraren. Kundinsu Jarak Qaribak waƙoƙin Larabci ne, da muryoyin mawaƙa daga ƙasashen Larabawa, har da Bafalasɗiniya. Ana iya cewa wannan kwalliya ce ake rufe ɓarna da ita, a kuma ƙi sayen tikiti; wannan haƙƙin kowa ne. Tsoratar da ma'aikatan zauren wasa kuwa ba ƙauracewa ba ce, kuma mu da muke zaune 'yan tsiraru a cikin wasu mun san wanda ake fara nuna wa yatsa idan aka ce an yi barazana da sunan Falasɗinu.