Yaro da waya: a hana ɗungum ko a auna?

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, akwai abin da muke gani kusan a kowane gari. Uwa ta zo ɗaukar darasi da goyonta. Da yaro ya soma kuka, sai ta kunna masa bidiyo cikin salula, ya yi tsit. Haka ake yi a gida lokacin daka da lokacin girki. Ba mu ga laifin uwar ba, aiki ne ya yi mata yawa. Amma abin yana bukatar gyara.

Wasu uwaye sun ce a raba yara da waya da tele kwata-kwata. Wasu sun ce zamani ne, a bar su. Mu a ganinmu, shekarun yaro ya kamata a duba.

A shekarar 2019, hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ba da shawara kan yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ta ce wanda bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban tele ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallo ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ma ya fi kyau.

Dalili kuwa shi ne, daga bakin mutane yaro yake koyon magana. Ya yi gwaranci, uwa ta amsa, ya dubi fuskarta, ya sake gwadawa. Bidiyo yana ta surutu, amma ba ya jin yaro, ba ya amsa masa. Ga kuma zama wuri guda. Hukumar ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 kowace rana. Saboda haka, ga ɗan ƙasa da shekara 2, muna tare da masu cewa a hana. Abu guda muka ware: in uba yana cin rani a Legas ko Abijan ya kira ta bidiyo, a nuna masa ɗansa. Wannan hira ce da mutum.

Bayan shekara 2 fa? Nan muka rabu da masu hani. Wayar tana cikin gida, tana hannun uwa da uba da yayye. In ka hana a ɗakinka, zai gani a maƙwabta ko a shagon cajin waya, inda babu mai zaɓa masa abin da zai kalla. Gara ya kalla kusa da kai. Dattawanmu suna tune da talabijin ta lakwal da aka soma a Yamai a 1964. Akwatin bai koyar shi kaɗai ba. Akwai malami a aji, wanda yake yi wa ɗalibai tambayoyi bayan shiri. Su ma fa yara ne da suka isa shiga lakwal.

To, mu yi koyi da wannan. Mu zauna da yaro, mu tambaye shi: “Me ka gani? Wace dabba ce wannan?” Awa 1 ɗin nan ta haɗa tele da waya duka, kuma agogo yana cikin wayar. Kada a kunna lokacin cin abinci, don yaro ya san ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Kada a kunna dab da kwanciya, domin haske da ƙara suna kore barci, alhali mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13. Kuma kada waya ta zama maganin kuka. In yaro ya gane kuka ne ke kawo ta, gobe zai ƙara kukan.

Mu manya ma sai mun dubi kanmu. Uban da ya duƙufa kan WhatsApp tun daga magariba har dare, da wane baki zai hana ɗansa? Bayan sallar isha, a aje wayar a ɗaki, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta yi wa jikokinta gatana.