Dutsen Faros Da Rijiyar Kusugu

Jama'a 'yan makaranta, akwai wata magana da muke ji a bakin waɗansunku, ba kuwa za mu bar ta ta wuce ba. Wai labarin Bayajida da macijin Kusugu tatsuniyar tsofaffi ce, abin dariya, amma tarihin Yunanawa shi ne gaskiya, don an tono shi rubuce a jikin dutse. To, ku zauna mu duba dutsen nan da kuke tinƙaho da shi.

A tsibirin Faros na ƙasar Girka aka sassaƙa wani allon dutse wajen shekara 264 kafin haihuwar Annabi Isa, aka jera sarakuna da manyan al'amura, kowanne da shekararsa. Wa ya buɗe jerin? Kekurof, sarkin Atina na farko, wanda Yunanawa da kansu suke cewa rabinsa mutum ne, rabinsa maciji! Daga nan sai shari'a tsakanin gumaka biyu, sai ruwan ɗufana na Dukaliyon. Mai sassaƙan bai ga ko ɗaya ba, gama tsakaninsa da Kekurof ya fi shekara 1,300. Abin da ya ji a bakin magabata ya ɗora wa dutse, kamar yadda marubucin Girgam na Daura ya ɗora wa takarda sunayen Daurama da Bawo. Ashe macijin Yunanawa ilmi ne, namu kuwa wauta?

Ba mu ce ku haɗiye kome ba. Mai hankali yana iya shakkar cewa maciji ya hana gari ruwa sai ran Jumma'a, ya kuma tambaya abin da labarin yake ɓoyewa game da zuwan baƙi da komawar sarauta daga hannun mata zuwa maza. Haka masana suke yi da dutsen Faros, suna rairaye tsakuwa daga tsaba. Ba su jefar da shi ba.

Ko da yake, a faɗi gaskiya, Turawa ma sun yi sakaci da shi. An kai babban gutsurensa Ingila a 1627, gidan wani basarake, Arundel. Da yaƙin basasa ya rikita ƙasar, sai sashensa na sama ya salwanta, an ce magina ne suka gyara murhun gidan da shi. Assha! Ba don wani malami, John Selden, ya riga ya kwafe rubutun ya buga ba, da sunan Kekurof ya tafi tare da dutsen. Saura yana Oksfod tun 1667, wani gutsuren kuma sai 1897 aka same shi a Faros.

Nan ne maganar ta zo kanku. Dutse ma ya ɓata, balle abin da yake cikin ƙirjin tsoho. Rijiyar Kusugu tana nan, takobin da ake jingina wa Bayajida yana fadar Sarkin Daura, Girgam kuwa Palmer ya juya shi Turanci a 1928. Amma kirarin sarakuna, da abin da maroƙa da makaɗan fada suka haddace, da yadda kowace unguwa take ba da labarin tsohuwa Ayana, nawa ne a cikinku ya taɓa rubuta ko layi guda?

In hutu ya zo, ku sayi littafin rubutu, ku durƙusa gaban dattijo. Ku rubuta yadda ya faɗa, kada ku gyara masa, ku sa sunansa da garinsu da ranar da kuka ji. In wani ya saɓa masa, ku rubuta nasa daban.