Duniyar Sinima: Karen wane ne Arthur?

A watan Maris na shekarar 2024 aka fito da fim ɗin Arthur the King a Amurka, wanda Simon Cellan Jones ya ba da umarni, Mark Wahlberg kuma ya zama babban ɗan wasansa. Tushen labarin gaskiya ne. A shekarar 2014 an yi gasar duniya ta tseren juriya a ƙasar Ekwado, irin wadda ake haɗa tafiyar ƙasa da hawan keke da tuƙin kwale-kwale, dare da rana, cikin kurmi da tsaunuka, tsawon kilomita wajen 700. Shugaban wata tawagar ƴan tsere daga ƙasar Suwidin, Mikael Lindnord, ya ga wani kare mai miki a baya, ya jefa masa ɗan dunƙulen nama. Daga nan karen bai sake rabuwa da su ba. Da aka hana shi shiga kwale-kwale, sai ya faɗa ruwa ya bi su da iyo, har Lindnord ya tsamo shi. Ya raɗa masa suna Arthur, ya tafi da shi Suwidin, inda ya rayu har shekarar 2020.

Masu kallo sun rabu. Wasu sun fito daga sinima da hawaye, suna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, tun da loma guda ta sayi amanar da kuɗi ba su saye. Wasu kuwa sun ce tun farko an san inda labarin zai ƙare, kuma an daɗe ana nuna wahalar ƴan tsere kafin karen ya haɗu da su.

To, amma maganar da ta fi nauyi ita ce abin da fim ɗin ya sauya. Ɗan Suwidin ya koma Ba'amurke mai suna Michael Light. Ekwado ta koma Jamhuriyar Dominikan. Ƴan tseren da suka zo na 12 a gasar gaske an mai da su na biyu. Haka kuma ba a ce uffan ba game da wani mutumin ƙauye a Ekwado wanda, bayan hotuna sun bazu a duniya, ya ce karen nasa ne, sunansa Barbuncho, kuma ya saba bin baƙi cikin daji ya komo gida. Lindnord bai yarda da wannan ba. Hujjarsa ita ce halin da ya tarar da karen.

Mai karatu da ya tashi a ƙauye ya san cewa kare na yawo ba igiya, ya kwana inda dare ya yi masa, amma kowa a gari ya san gidansu. Baƙo mai wucewa shi ne ke ganin ba shi da ubangiji. Babu mai musun cewa Arthur ya samu magani da kulawa a Suwidin, kuma tausayin Lindnord abin yabo ne. Sai dai fim ɗin da ya ce labarinsa gaskiya ne ya kamata ya bar wa talakan nan ko da minti guda ya faɗi nasa. Wanda zai kalli Arthur the King ya kalla, zai ji daɗi, amma ya san cewa bakin mutum ɗaya kawai ya ji.