Martani: Vitoria bai wanke hannunsa daga mamayar Amurka ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka naɗa wa Francisco de Vitoria rawanin uban dokar ƙasa da ƙasa, har ka ce shi ne gatan 'yan asalin nahiyar Amurka. Rabin magana ka ɗauko.

Gaskiya ne, a laccarsa ta 1539 a Jami'ar Salamanca, wannan malamin Katolika ya ce Fafaroma ba shi da ikon kyautar da ƙasar wasu, kuma ƙin karɓar Kiristanci bai halatta ƙwace dukiyar kowa ba. Ya yi ƙarfin hali, ba musu. To, ƙarasa karatun mana! Shi ɗin dai ne ya ce Sifaniyawa na da haƙƙin shiga ƙasashen, su yi fatauci, su yi wa'azi, in an tare su da ƙarfi kuma yaƙi ya halatta. Wa ya tambayi mutanen Meziko da Peru ko suna son baƙin? Masu bindiga ba su buƙaci hujjar da ta wuce wannan ba.

Batun uba kuwa, Muhammad al-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya rubuta hukunce-hukuncen yaƙi, sulhu da amana fiye da shekara 700 kafin laccar nan.

Ka sake zama ka gyara rubutunka, Malam.