Makaɗi Guda Cikin Akwati: Ko Kwamfuta Ta Iya Bakin Kalangu?

Duk wanda ya halarci bikin aure ko na suna a Minna cikin 'yan shekarun nan, ko a Limawa ne, ko Bosso, ko Tunga, ya san abin da ya sāke. A da sai a ga ayarin makaɗa sun jeru, ga mai kalangu, ga mai kuntuku, ga 'yan amshi da maroƙa, kowa da rabonsa cikin karin da aka yi musu. Yanzu kuwa sau da yawa yaro guda ne ke zaune bayan tebur da 'yar kwamfuta da manyan lasifikoki biyu, janareto na ruri a bayan gida, amma kiɗa na tashi kamar an tara mutum goma. Ita kanta waƙar da yake sakawa, in an bi diddiginta, a ɗaki guda aka haɗa ta, mutum guda ya haɗa, ba a kuwa taɓa fata ko tsarkiya ba tun daga farkonta har ƙarshe.

Mutane da yawa suna tsammanin makaɗa aka kira aka naɗi kiɗansu, sa'an nan aka zuba cikin na'ura. Akwai wannan hanya, ana kuwa bin ta. Amma akwai wata wadda ta fi ta ban mamaki, watau ƙera sauti daga lissafi zalla, da manhaja guda ɗaya wadda ba ta taɓa jin ganga ba.

Ga yadda abin yake. Kowane sauti kaɗawar iska ne. In iska ta kaɗa sau da yawa cikin sakan guda sai kunne ya ji siririyar murya, in ta kaɗa kaɗan sai ya ji kakkaura. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a sakan. To, ita manhajar ƙera sauti tana da wani sashe da ke haifar da wannan kaɗawa yadda aka umurce shi, da wani sashe mai tace ta kamar yadda rariya ke tace gari, da kuma wani mai tsara yadda sautin zai faso, ya daɗe, ya mutu. Da waɗannan kaɗai ake yin kusan kome. Mai son dukan babbar ganga sai ya ɗauki murya mai santsi, ya sa ta faɗo daga kaɗawa kamar 200 zuwa kamar 50 cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na sakan ba, ya bar ta ta mutu da sauri. Kunne na jin haka sai ya ce an doki fata, gama ita ma fatar gaske haka take yi: tana ɗamewa sa'ad da aka buge ta, sa'an nan ta saki. Mai son amon caki ko kacau-kacau kuwa ba ya bukatar murya sam. Sai ya ɗauki shuuu irin wanda rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha, ya tace kaurinsa ya zubar, ya yanka abin da ya rage gajere-gajere. Sarewa, algaita, molo, duk da irin wannan dabara ake kwaikwayonsu, illa dai wani ya fi wani wuya.

Ba yau aka fara ba. Cikin 1970 kamfanin Robert Moog a Amurka ya fito da Minimoog, na'urar da mutum zai iya ɗauka ya kai wurin wasa. Cikin 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da akwatin ganguna mai suna TR-808, wanda ba a naɗi gangar kowa a cikinsa ba, wayoyin lantarki ne ke ƙera dukan. Makaɗan lokacin suka raina shi, suka ce bai yi kama da ganga ba, har aka daina yinsa cikin 1983 bayan an ƙera kimanin 12,000. Da ya yi arha a kasuwar kwance sai samarin baƙar fata na biranen Amurka suka saye, suka gina sabon kiɗa a kansa, yau ga shi amonsa ya game duniya. A wannan shekara ta 1983 ne kuma Yamaha ta fito da DX7, aka kuma daidaita wata ƙa'ida mai suna MIDI wadda ke sa na'urorin kiɗa na kamfanoni dabam-dabam su fahimci juna. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai duk wannan tarkace ya koma cikin kwamfuta. Manhajar FruityLoops ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka sāke wa suna FL Studio cikin 2003, ita ce ta fi shiga hannun samarin ƙasashenmu, kuma tana tafe da nata ƙananan na'urorin ƙera sauti a ciki.

Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A Inugu, William Onyeabor ya kafa ɗakin naɗar sauti nasa na kansa, ya yi ta fitar da faifai da irin waɗannan na'urori daga 1977 zuwa 1985. Kusa da gida kuwa akwai Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar, wanda ya samu wata molon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zauna shi kaɗai yana juya waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa a kanta. Cikin 1978 ya naɗi kaset guda, kaɗan ƙwarai aka buga, amma rediyo da talabijin na Yamai suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, har mutane suka haddace shi ba tare da sun san mai shi ba. Sai cikin 2013 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sāke buga shi, duniya ta sani. A Yamai ɗin ne kuma wani matashi da ake kira Hama ya bi sawu, faifansa mai suna Houmeissa ya fito cikin 2019.

A ƙasar Hausa ta Nijeriya, ta ƙofar finafinai abin ya shigo. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya fim a Kano suka bukaci kiɗa mai arha kuma mai saurin samuwa, sai suka rungumi abin da jama'a ke kira fiyano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyanon Yamaha, samfurin PSR, ya mamaye ɗakunan naɗar sauti na Kano cikin shekarun 1990, ciki har da na Iyan-Tama. Da fim ɗin Sangaya ya fito cikin 1999, waƙarsa ta cika gari da ƙauye, sai kowa ya gane inda kasuwa ta dosa. Daga nan kiɗan nanaye ya kafu, mawaƙan siyasa da na bege da na biki duk suka bi. Da kwamfuta ta yi arha, fiyanon ma ya zama ɗan rakiya.

Kada a yi wa abin rashin adalci. Yaron da ba ɗan gidan kiɗa ba ne, ba shi da ubangida, ba shi da kuɗin ciyar da mutum takwas, yau yana iya fitar da abin da ke ransa. Wannan ba ƙaramar riba ba ce a al'ummar da kiɗa ya daɗe yana zama gado, wanda bai gada ba kuwa ana yi masa kallon ɗan na-kama. Mata ma da ba za su iya yawo da ayarin maza ba sun samu hanya.

Amma akwai asarar da ba a cika magana a kanta ba, ita ce kuwa ta fi cancanta a tsaya a kanta. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki dabam, wuya ta wahala dabam. Kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Kalangu an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka. Makaɗi na rataye shi, ya matse tsarkiya a ƙarƙashin hammata sai fata ta ɗame murya ta hau, ya saki sai ta sauka, yana kuma iya matsewa bayan ya riga ya buga, sautin ya lanƙwashe a iska. Da haka ne ake kaɗa wa mahauci takensa ya gane, ake kiran ɗan dambe da kirarinsa ya zabura tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Wanda ya saurari makaɗan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, zai ji kalangai suna ba shi amsa kamar mutane. Haka kotso yake a hannun mutanen Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo.

Shi kuwa kalangun da ake ji cikin yawancin waƙoƙin kwamfuta bebe ne. An ɗauko duka guda, ko biyu, an jera su a kan ma'aunin lokaci wanda ba ya gaba ba ya baya, suna maimaita kansu har waƙa ta ƙare. Ana rawa da shi, babu shakka, amma ba ya cewa kome. Sa'an nan ga matsalar ma'aunin murya. Fiyano da manhajojin da suka gaje shi sun raba tsanin murya gida 12 daidai wa daida, bisa tsarin Turawa. Mai goge ko mai kukuma bai san wannan rabo ba, yatsansa na sauka inda kunnensa da muryar mawaƙinsa suka ce. In aka tilasta wa waƙar Hausa hawa wancan tsani, aka ƙara da manhajar nan mai miƙe murya wadda ta fito cikin 1997 da sunan Auto-Tune, sai a wayi gari mawaƙin Sakkwato da na Bidda da na Bombai duk sun zama ɗaya a kunne.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, laifin ba na na'urar ba ne kacokan. Hasali ma, cikin dukkan ganguna babu wadda ta dace da manhajar ƙera sauti kamar kalangu, domin sirrinsa shi ne sauya murya bayan duka, wannan kuwa shi ne abin da manhajar ta fi gwaninta a kai. Kusan kowane fiyano na kirki yana da wata 'yar ƙafa a gefen hagu wadda ake murzawa murya ta hau ko ta sauka. Aikin hammatar makaɗi ke nan. Akwai kuma manhajoji na kyauta, irin su Surge XT, waɗanda ke yarda mutum ya zubar da tsanin nan mai gida 12 ya kafa nasa. Wani makaɗi ɗan asalin Iraƙi, Khyam Allami, da ya ga irin wannan ɓarna na cin kiɗan Larabawa, ya haɗa kai da masana kwamfuta suka fito da manhajoji biyu, Leimma da Apotome, cikin 2021, musamman don ma'aunan muryar da ba na Turawa ba. Ashe kayan aiki na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa kiɗa wanda ya san take, ya zauna gaban sarkin makaɗa ya koya, har ya iya bambanta kiɗan mahauta da na manoma. Yawancin samarin da ke wannan sana'a daga bidiyon intanet suka koya, masu koyarwar kuwa ba su taɓa ganin kalangu ba.

A nan ne Minna ke da abin cewa. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya, ya tara Gwari da Nufawa da Hausawa da sauran kabilu wuri guda, ya kuma zama babban birnin Jihar Neja tun 1976. Kowace al'umma cikin waɗannan tana da gangunanta da salon waƙarta. Wanda ya taɓa jin Hajiya Fatima Lolo ta ƙasar Nufe ya san ba ƙaramar dukiya ke nan ba. A garin ne kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun 1983, da harabarta a Bosso da Gidan Kwano, tana yaye injiniyoyin lantarki da na kwamfuta kowace shekara. (Ba a ma zancen cewa jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro ce mai haɗa kiɗa ke sayen fetur kafin ya kunna kwamfuta; wannan zance ne na wata rana.) Aikin auna kalangu bai fi ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe ba: a kawo makaɗi, a naɗi dukansa a sake da kuma a matse, a duba daga kaɗawa nawa zuwa nawa muryar ke tafiya, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta mutu, a rubuta wannan cikin manhaja yadda kowane yaro a Kwantagora ko Suleja zai iya ɗauka ya yi aiki da shi. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da bayaninsu cikin littafinsu na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Sunaye da tarihi suna nan a takarda. Awon sautin kansa shi ne gefen da ke jiran ma'aikata.

Sai dai in za a yi, a yi shi da sharaɗi. Makaɗin da aka auna hannunsa a rubuta sunansa a jikin abin da aka fitar, a kuma biya shi, ba a ba shi kuɗin mota a sallame shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga masu wasa da kuma ayyukan gargajiya, amma makaɗin ƙauye ba shi da lauya, mai naɗar sautin ne ya san abin da takarda ta ƙunsa. Kuma kada a jinkirta. Ɗan makaɗi da ya ga ubansa na zaune ba a gayyatarsa biki ba zai ɓata ƙuruciyarsa wajen koyon take ba, acaba zai kama ko ya tafi ci-rani. Take kuwa ba a rubuce yake ba, a hannu yake da kunne, daga uba zuwa ɗa. Waɗanda suka san shi sosai a yau yawancinsu sun manyanta, kuma da su kaɗai za a iya gwada kalangun kwamfuta: a kaɗa musu, a ga ko za su gane taken wa aka kira.