Littafin bashin Amurka: shafukan da masu boko ba su buɗe ba

Sanin kowa ne cewa ɗan kasuwar da ke son gane halin abokin hulɗarsa ba ya tambayar maroƙin mutumin, littafin bashi yake dubawa, domin a nan ake ganin wanda aka ba kaya, da wanda aka hana, da ranar da aka yi. To, ƙasashe ma haka suke. Amma in aka tambayi yawancin masu manyan takardu, a ofisoshin Yamai ko na Washington, rawar da Amurka ta taka a zamanin Hitila da Musolini, amsarsu ba ta wuce rana guda, wato 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi. Ranar gaskiya ce, kuma Amurkawa sama da 400,000 sun rasa rayukansu a wannan yaƙi. Sai dai kafin a kai ga wannan shafi akwai shafukan shekara ashirin waɗanda ba a cika buɗewa a lakwal ba.

Musolini ya hau mulkin Italiya a 1922, ya kafa tsarin da ake kira fashist: jam'iyya ɗaya, shugaba ɗaya, a rufe jaridu, a murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago. Attajiran Amurka da yawa sun ga mutumin da ya kawo oda, ya kuma toshe wa ƴan kwaminis hanya. A 1925 gwamnatin Amurka ta sassauta wa Italiya bashin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka shimfiɗa biyansa a kan shekara 62, nan take kuma bankin J.P. Morgan ya haɗa wa Musolini rancen dala miliyan 100, alhali shekara guda ke nan da kashe ɗan majalisa Matteotti, madugun ƴan adawa.

Habasha ce ta fara ɗanɗana kuɗar wannan abota. Da Italiya ta auka mata a Oktoba 1935, dokar Amurka ta zaman ƴan ba-ruwanmu ta hana sayar wa ɓangarorin biyu makamai, amma ba ta taɓa man fetur ba. Habasha bindigogi take nema, an hana ta. Italiya tana ƙera nata makaman, mai kawai take bukata, shi kuwa sai ƙaruwa ya yi daga kamfanonin Amurka. Ƙungiyar ƙasashen duniya ta Janiba, wadda ita ma ba ta son a taɓa mai, ta samu abin fakewa, wai ko ta hana, Amurka za ta sayar. Jiragen Italiya suka yi ta yayyafa wa Habashawa iskar guba, Addis Ababa ta faɗi a Mayu 1936.

A Sifen ma haka aka yi. Janar Faranko ya yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati tawaye a 1936, Amurka ta hana wa gwamnatin makamai, shi kuwa shugaban kamfanin Texaco, Torkild Rieber, ya riƙa ba Faranko mai a kan bashi har yaƙin ya ƙare a 1939. Kamfanonin Ford da General Motors da Studebaker sun sayar masa da manyan motoci kimanin 12,000.

A Jamus kuwa hulɗar ta fi zurfi. General Motors ne mai kamfanin Opel tun 1929, kuma motocin Opel Blitz ne suka riƙa jigilar sojojin Hitila. Ford yana da masana'anta a birnin Kolon. Standard Oil ta New Jersey ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin I.G. Farben, kuma ta hanyar wani kamfani da ta haɗa hannu da General Motors Jamus ta samu dabarar haɗa sinadarin da ke ƙara wa man jiragen sama ƙarfi. Thomas Watson na IBM ya karɓi lambar yabo daga gwamnatin Nazi a 1937, bai mayar ba sai 1940. Henry Ford, wanda jaridarsa ta daɗe tana ɓata Yahudawa, ya karɓi tasa a Yuli 1938. A Fabrairu 1939 mutum wajen 20,000 suka cika zauren Madison Square Garden na New York a taron magoya bayan Nazi, a shekarar kuma aka hana jirgin ruwan St. Louis sauke ƴan gudun hijira Yahudawa sama da 900.

Wannan tarihi ya biyo har ƙofar gida. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Félix Éboué ya kai Cadi ɓangaren De Gaulle, amma Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suka tsaya a hannun gwamnatin Vichy ta Pétain, mai haɗa kai da Hitila, a ƙarƙashin Gwamna Janar Boisson na Dakar. Iyakar Nijar da Nijeriya ta zama iyakar abokan gaba, fataucin Kano da Katsina ya koma na ɓoye. Amurka ta amince da Vichy, ta aika Admiral Leahy jakada a farkon 1941, bayan an riga an kafa dokar wariyar Yahudawa. Da sojojinta suka sauka Afirka ta Arewa a Nuwamba 1942, da Admiral Darlan, na hannun daman Pétain a da, suka daidaita. Boisson ya bi sahu, aka bar shi a kujerarsa har tsakiyar 1943.

Ƙarewar yaƙi ba ta rufe littafin ba. Klaus Barbie, shugaban ƴan sandan sirrin Nazi a birnin Lyon, ya samu aiki a hukumar leƙen asirin sojan Amurka a 1947, aka kuma taimaka masa ya sulale zuwa Bolibiya a 1951, har sai da Amurka ta nemi gafarar Faransa a 1983. Faranko ya samu kuɗi da makamai a 1953 a madadin sansanonin soja, Shugaba Eisenhower ya kai masa ziyara a 1959.

Mai kare Amurka zai ce kamfani daban, gwamnati daban, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Roosevelt bai taɓa amincewa da mamayar Habasha ba. Amurkawa kimanin 2,800 sun tafi Sifen don kansu sun yaƙi Faranko, baƙaƙen fata na Harlem sun tara wa Habasha gudunmawa, kuma kwamitin Sanata Truman ne ya tona asirin Standard Oil a 1942. Amma wannan hujja ƙara nauyin laifin take yi, domin tana nuna cewa a lokacin ma akwai waɗanda suka gane. Waɗanda suka rufe ido su ne masu bankuna da masana'antu da manyan jami'o'i, irin su Harvard da Columbia da suka aika wakilai bikin jami'ar Heidelberg a 1936, bayan an kori malamanta Yahudawa.

Magadansu kuwa mantuwa suka gada. A 1985 Shugaba Reagan ya ajiye furanni a maƙabartar Bitburg, inda aka binne sojojin rundunar SS 49. A 2017 kakakin fadar White House ya ce ko Hitila bai yi amfani da makami mai guba ba, daga baya ya nemi gafara. A 2023 majalisar dokokin Kanada ta miƙe tsaye ta tafa wa wani tsoho don ya yaƙi Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda ya tambayi kansa a rundunar wa aka yaƙi Rasha a lokacin, har kakakin majalisar ya yi murabus. A Faransa, inda littattafan lise na Nijar suka daɗe suna fitowa, cibiyar IFOP ta tambayi jama'a a 1945 ƙasar da ta fi taimakawa wajen karya Jamus: kashi 57 cikin ɗari suka ce Tarayyar Sobiyet, kashi 20 suka ce Amurka. A 2004 lissafin ya juye, 58 ga Amurka, 20 ga Sobiyet, wadda ta rasa mutum kusan miliyan 27. Silima ta ci littafi da yaƙi.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, duhun mai takarda kuwa ya fi na kowa haɗari, domin shi ke sa hannu a madadin ƙasa. Ma'aikacin da ya ɗauka cewa babbar ƙasa tana zaɓen abokanta don son dimokuraɗiyya zai shiga ɗakin yarjejeniya da zuciyar almajiri. Wanda kuma ya ji wannan tarihi ya ruga ya rungumi wata babbar ƙasar, ya tuna cewa Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila a Agusta 1939, ya kuma riƙa aika masa mai da hatsi har Yuni 1941. Darasin guda ne: masu dukiya sukan yafe wa mai mulkin kama-karya komai muddin yana biyan bashi kuma yana hana yajin aiki. Saboda haka duk baƙon da ya zo da yabon ƴanci a bakinsa, ko daga gabas ko daga yamma, a tare shi da ruwan sanyi kamar yadda al'ada ta tanada, sannan a ce ya buɗe littafin bashinsa tun daga shafin farko.