Ƙasar Dambam Ta Gaji, Taki Take Nema

Duk shekara, da zarar hadari ya fara taruwa a gabas, sai wasiƙu da waya su yi ta isa Agege da Sabon Ibadan daga Dambam, Dagauda da Jalam: a aiko da kuɗin takin zamani. Ɗan ci-rani ya matse bakin aljihunsa ya aika, baɗi kuma a sake nema, ga buhun ya ƙara tsada. Wannan rijiya ba ta cika.

Tun shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shugaba Shagari a 1980, aka saba wa talaka da taki mai rangwame, har wasu suka fara kiran takin gargajiya ƙauyanci. Ko shakka babu, sun yi kuskure. Takin buhu shuka yake ciyarwa, ba ya gyara jigawa. Rairayin da ba ruɓaɓɓen kashin dabba a cikinsa ba ya riƙe ruwa, kuma a irinsa wuta-wuta ke cinye gero da dawa.

Magabata sun san wannan. Bayan girbi sukan bar shanun Fulani su kwana a gona, sukan haɗa gero da wake, ba sa sare gawo, domin da damina yake zubar da ganye bai tare wa shuka rana. Manoman Maraɗi sun koma wa renon irin waɗannan itatuwa tun shekarun 1980, gonakinsu suka farfaɗo.

Maganin ƙwari ma ya jawo abin kunya: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda gubar da ake barbaɗa masa, alhali buhu mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba.

Amma gaggawa aikin Shaiɗan ce. Ƙasar Siri Lanka ta haramta takin zamani dare ɗaya a 2021, shinkafa ta yi ƙaranci, dole ta janye dokar. Gyaran ƙasa sai a hankali.

Saboda haka wanda ke ci-rani a kudu, in zai yi aike bana, ya raba kuɗin: kashi ɗaya ga buhu, sauran a sayi awaki da amalanken kwasar taki. Buhu damina guda yake yi, akuya kuwa tana haihuwa.

Allah Ya ba da damina mai albarka, amin.